Baba yana takawa zuwa masallaci, amma tashi daga ƙasa ya gagara: me lambobin likitan gashin ƙashi ke nufi?

Tambaya

Assalamu alaikum Likita. Mahaifina ɗan shekara 67 ne, muna zaune a Gwammaja. Kusan shekara biyu ke nan gwiwarsa ta dama tana damunsa. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne yana takawa da ƙafarsa ya je masallacin unguwa ya dawo, amma in ya kai ƙasa a salla sai an kama shi kafin ya miƙe. Zaman tahiya kuwa ya daina, sai dai ya miƙe ƙafar gaba. An yi hoto aka ce gaɓar ce ta goge, aka tura mu sashen gashi. Likitan ya ɗora masa wani abu kamar rula, ya rubuta a kati: dama 10 zuwa 95, hagu 0 zuwa 130, a gefe kuma ya sa 4/5. Layi ya yi yawa, ban samu na tambaye shi ba. Mece ce ma'anar waɗannan lambobi? Kuma yaya mai iya tafiya zai kasa tashi? Wasu a gida suna cewa Baba ya sa wa ransa ne kawai.

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma Allah ya yi maka albarka da ka tsaya a kan lamarinsa. Kafin komai, ka isar wa mutanen gida cewa Baba bai sa wa ransa komai ba. Lambobin da ka kwafo daga katin sun isa shaida, kuma ko ban gan shi ba sun nuna mini yadda yake zama da yadda yake tashi. Kamata ya yi a ce tun ranar an zaunar da kai an yi maka wannan bayani. Na san yadda layi yake a sashen gashi, amma yana damuna ƙwarai yadda muke cika kati da Turanci da lambobi, mu miƙa wa mutane su tafi da shi gida kamar laya.

A aikinmu, cewa "ƙafarsa ta riƙe" bai wadatar ba. Sai an faɗi wace gaɓa ce, ta wace fuska ta riƙe, a ina ta tsaya, kuma wace tsoka ce ta gaza. Domin kowa ya auna abu ɗaya, an yarda da tsayuwa guda da ake fara ƙirga daga kanta: mutum a tsaye cak, fuska gaba, ƙafafu a jere, hannuwa a sake a gefe, tafin hannu yana kallon gaba. A wannan tsayuwa kowace gaɓa tana kan sifili. Gwiwa a miƙe sambal sifili ce. Da ta fara lanƙwashewa, diddige ya nufi ɗuwawu, sai a fara ƙirga digiri, irin digirin kusurwa da aka koya mana a lissafin makaranta. Wannan lanƙwashewa ita ce za ka ji likitoci suna kira fulekshin, komawarta ta miƙe kuma ekstenshin. Abin da ka gani kamar rula sunansa goniyomita. Hannu biyu gare shi da faifai mai lambobi a tsakiya. Ana ɗora cibiyarsa a gefen gwiwa ta waje, hannu ɗaya ya bi cinya ya nufi ƙashin katara, ɗayan ya bi ƙwauri ya nufi idon sawu, sai a karanta.

To, gwiwar hagu ta Baba tana miƙewa har sifili, tana lanƙwashewa har 130. Lafiyayyar gwiwa takan kai 135 zuwa 140 idan mutum ya naɗe ta da kansa, don haka ta hagu ba ta da wani laifi a shekarunsa. Ta dama ce ke ɗauke da labari biyu. Ba ta miƙewa duka, saura digiri 10 take tsayawa. Sannan in an zo lanƙwasa ta, a 95 take cijewa.

Yanzu ka ɗauka kowane aiki da farashinsa, kamar kaya a Kantin Kwari, kuma da digiri ake biya. Tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa digiri 60 ko ɗan sama take nema, kuma a lokacin da ƙafar ke sama ne, ba ta ɗauke da nauyi. Hawa da saukar bene suna cin wajen 85 zuwa 100, gwargwadon tsawon matakalar. Zama a kujera da tashi daga kanta suna neman 90 zuwa 100. Tsugunno da zama a kan diddige kuwa sai 150 ko fiye, abin da ko lafiyayye ba ya kaiwa da ƙarfin tsokarsa kaɗai, nauyin jikinsa ne ke danne gaɓar ta ƙarasa naɗewa. Baba 95 gare shi a aljihu. Tafiya masallaci ya biya har da canji. Kujera da ƙyar yake haɗa kuɗinta. Zaman tahiya ya fi ƙarfin abin da ke hannunsa da digiri hamsin da wani abu, kuma ba ƙarfin zuciyar da zai cike wannan giɓi.

Akwai ƙari a kan tahiya. Muna kasa motsin jiki fuska uku. Akwai na gaba da baya, kamar ruku'u da tafiya. Akwai na gefe, kamar ɗaga hannu ya yi nesa da haƙarƙari. Akwai na juyi, kamar waiwayar wuya wajen sallama. Gwiwa yawancin aikinta gaba da baya ne, buɗewa da rufewa kamar ƙyaure, amma idan ta lanƙwashe tana yarda ƙwauri ya ɗan murɗa. Zaman tahiya yana haɗa naɗewa ta ƙarshe da murɗawa a lokaci guda, ga nauyi a sama. Gaɓar da guringuntsinta ya cinye ba abin da ta tsana kamar wannan haɗi. In ka tsaya gaban Baba ka dubi ƙafafunsa, wataƙila ka ga ta daman ta ɗan yi baka, gwiwar ta buɗe waje. Haka yakan kasance idan gugar ta fi cin ɓangaren ciki, wanda shi ya fi yawa a dattawa. Kishiyarsa ita ce gwame, inda gwiwoyi ke haɗuwa.

Wannan duk maganar kusurwa ce. Maganar ƙarfi ita ce rabin amsarka na biyu, kuma a wurina ita ta fi muhimmanci.

Ka taɓa tsayawa wurin mai faci ka ga noti ya ƙi kwantuwa? Ba ƙarin ƙarfi yake nema ba. Bututun ƙarfe yake zurawa a ƙotar sufanar ya ƙara mata tsawo, sai ka ga noti ya juya da hannu ɗaya. Abin da ke juya noti shi ne ƙarfi a ninka shi da tazarar da ke tsakaninsa da wurin juyawa. Gaɓoɓinmu haka suke aiki, kuma ilimin da ke lissafa wannan shi ake kira bayomakaniks. Wani masani ɗan Italiya, Giovanni Borelli, wanda littafinsa a kan motsin halittu ya fara fitowa a 1680 bayan rasuwarsa, shi ya nuna cewa tsokokinmu da gajeriyar ƙota suke aiki, saboda haka dole su ja ninkin-ba-ninkin nauyin da suke ɗagawa.

Ga yadda abin yake a gwiwa. Tsokar da ke miƙe gwiwa ita ce ta gaban cinya, mai kai huɗu, wadda ake kira kwadiriseps. Tana gangarowa ta rungumi ƙoƙon gwiwa, jijiyarta ta wuce ta kama saman ƙashin ƙwauri. Aikin ƙoƙon gwiwa ke nan, ya ɗan tura jijiyar gaba don ƙotar ta ƙara tsawo. Duk da haka tazararta daga tsakiyar gaɓar ba ta wuce santimita 4 zuwa 5 ba. Nauyin jiki kuma yana da inda ya taru, a cikin ƙugu, ƙasa da cibiya kaɗan, kuma daga nan yake faɗowa ƙasa a miƙe kamar igiyar magina mai dalma. Idan mutum yana tsaye, igiyar tana bi ta daf da gwiwa, tazara kusan babu, tsoka tana hutawa. Da ya fara tsugunnawa ƙugu ya koma baya, gwiwa ta yi gaba, tazarar ta buɗe.

Bari mu yi misali da lambobi masu sauƙi. A ce abin da ke saman gwiwoyin mutum kilo 70 ne, kuma wajen tashi igiyar nauyinsa ta faɗi santimita 20 bayan gwiwa. Tsoka tana ja da ƙotar santimita 5, nauyi yana ja da ta santimita 20, wato ninki huɗu. Dole tsokokin cinya su ja daidai da kilo 280 kafin mutumin ya ɗaga. In ƙafa biyu suka raba, kowacce 140. In ɗaya ta janye jiki saboda ciwo, kusan duka zai koma kan ɗayar. Duk wannan jan kuma yana matse ƙoƙon gwiwa a kan ƙashin cinya, daidai inda guringuntsi ya riga ya goge. A tafiya gwiwa tana kusan miƙe lokacin da take ɗauke da jiki, shi ya sa Baba yake wuce ta lafiya. Tashi daga ƙasa shi ne inda tazarar ta fi faɗi, tsokar ta fi wahala, gaɓar ta fi matsuwa.

A nan 4/5 ɗin nan ya shigo. Awon ƙarfin tsoka ne, daga sifili zuwa biyar. Sifili babu motsi ko kaɗan. Ɗaya, tsokar tana ɗan harbawa amma gaɓa ba ta motsa ba. Biyu, tana motsa gaɓar idan an kwantar da mutum ta gefe an ɗauke mata nauyi. Uku, tana iya ɗaga ƙafar sama amma da an danna ta faɗi. Huɗu, tana tsayayya da hannun likita, sai dai yana rinjayarta. Biyar, cikakken ƙarfi. Kada huɗun nan ta ruɗe ka ka ce ai saura ƙiris. Huɗu gida ne mai faɗi. Ƙwauri da tafin ƙafa gaba ɗaya ba su fi kashi 6 cikin ɗari na nauyin mutum ba, wajen kilo 5 ga mai kilo 80. Ɗaga kilo 5 da ɗan dannawar hannun likita daban, ɗaga gangar jiki daga tabarma daban. Ciwo da kumburi kuma da kansu suna raunana wannan tsoka, ta riƙa ƙin amsawa, har cinyar ta rame. Ka auna kaurin cinyoyinsa biyu da tef ɗin tela, taƙi ɗaya sama da ƙoƙon gwiwa. Zan yi mamaki in ba ka ga bambanci ba.

Ka lura da saukarsa ma. Tsoka tana aiki iri uku: tana ja tana gajarcewa, kamar wajen tashi, tana riƙewa ba motsi, kamar a ruku'u, tana kuma saki a hankali kamar birki, wajen zama da tafiya sujada da saukar bene. Idan ka ga dattijo ya kusa kai kujera sai ya faɗa mata jagwab, birkin ne ya yi sanyi.

Lambar da mutane suka fi rainawa ita ce 10 ɗin nan ta farko, ni kuwa da ita zan fara. Gwiwar da ta miƙe sosai tana kulle kanta, mutum ya yi tsayuwar sahu mai tsawo ba tare da cinya ta gaji ba. Wadda ta rage saura 10 ba ta kulluwa, tsokar ba ta samun hutu ko a tsaye. Ƙafar kuma takan zama kamar ta gajarce, ƙugu ya karkace, ba da jimawa ba kwankwaso ya fara nasa ƙorafi. Abin da ya fi jawo wannan a gidajenmu shi ne matashin da ake cusawa ƙarƙashin gwiwa da dare don a ji sauƙi. Daɗinsa na dare ɗaya ne, amma yana koya wa gaɓar zama a lanƙwashe. A cire shi. Maimakon haka, da rana ya kwanta rigingine a sa naɗaɗɗen tawul ƙarƙashin diddige, bayan gwiwa ya zama a sarari, nauyin ƙafar ya riƙa jan ta ƙasa na 'yan mintuna, yana matse tsokar cinya yana saki. Yawan da zai yi da sauran atisayen, likitan da ya taɓa gwiwar da hannunsa shi zai yanka masa.

Da wannan lissafi na tazara za ka iya sauƙaƙa wa Baba rayuwa tun yau. Na tuna wani dattijo ɗan kasuwa da 'ya'yansa biyu suka riƙo shi suka shigo da shi, wai wata uku rabonsa da ya tashi daga zaune da kansa. Na kalli yadda yake yunƙuri: ƙafafu can gaba, baya a jingine, yana neman ya miƙe sama kai tsaye kamar an ja shi da igiya. Na ce, "Alhaji, matso bakin bencin. Ja diddigenka baya su shiga ƙarƙashinka. Yanzu sunkuyo har hancinka ya zo saman yatsun ƙafarka, sannan ka tura ƙasa." Ya yi lilo sau biyu, a na uku ya miƙe, hannunsa ɗaya a kan cinya. Ya tsaya yana duban ƙafafunsa, ya ce, "Ikon Allah." Ba a ƙara masa ƙarfi a minti ɗaya ba. Igiyar nauyinsa ce ta matso kusa da gwiwa ta faɗo kan tafin ƙafarsa.

Saboda haka wurin zaman Baba ya zama mai tudu, ƙugunsa ya ɗan fi gwiwarsa tsawo. Kujera 'yar tsugunno da kushin mai lumewa su ne abokan gabarsa. Idan masan gidan na tsugunno ne, a samo kujerar ban-ɗaki mai rami a ɗora a kai, a kafa ƙarfen dafawa a bango. Katifar ƙasa a ɗora ta kan gado. A bene ya hau da ƙafar hagu mai ƙarfi a gaba, ya sauko da ta dama mai ciwo a gaba, haka ma wajen shiga adaidaita sahu da fita. Idan zai riƙe sanda, a hannun hagu zai riƙe, kishiyar ƙafar da ke ciwo, ta sauka ƙasa tare da ƙafar dama, kan sandar ya zo daidai wuyan hannunsa idan ya sake hannun a tsaye. In ya kai ƙasa kuma yana son tashi, ya juya ya dafa hannu biyu, ya kafa ƙafar hagu gaba, ya dafa kujera mai ƙarfi ya tura. Ku daina fizgo shi ta hannu ko ta hammata, kafaɗar dattijo ba ta jure wannan. Ka tsaya ta gefensa na dama ka tallafi ƙugunsa. Idan kuma yana da ƙiba, bincike ya nuna kowane kilo ɗaya da ya sauke yana rage wa gwiwa wajen kilo 4 a kowane taku.

Maganar salla na san ita ta fi cin ransa, don na ga dattawa da yawa da suke jin kunyar kujera a sahu fiye da yadda suke jin ciwon. Hukunci na malamai ne, ya tambaye su. Amma hadisin Imrana bin Husaini da ke cikin Bukhari sananne ne: a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kan gefe. Ta fuskar aikina, abin da katin ya nuna shi ne tsayuwa da ruku'u suna cikin ikonsa, saukowa ƙasa da tahiya ne suka fita.

Ko zai koma zaman tahiya? Ba zan yi maka alkawarin da ban da iko a kai ba. Ya danganta da abin da ke tsayar da gwiwar a 95. Idan kumburi ne da ɗaurewar nama, likita yakan ji ƙarshen motsin da ɗan taushi, kuma atisaye yakan ƙaro digiri masu amfani. Idan ƙashi ne ke karo da ƙashi, ƙarshen yakan zo da tauri kamar ƙofa ta bugi bango, kuma dannawa da ƙarfi ɓarna kawai za ta yi. Kada a bari wani ya hau ƙafar ya ce zai ɓalle ta, wannan ba targaɗe ba ne kuma ba aikin ɗori ba ne. Ko bai kai 150 ba, gwiwar da ta dawo sifili ta kai 110 ko 120, da cinya mai ƙarfi, za ta ba shi kujera da bene da ban-ɗaki ba tare da an kama shi ba. Idan an yi watanni ana atisaye ciwon bai lafa ba, har yana hana barci, sai a koma wurin likitan ƙashi, a Asibitin Ƙashi na Dala da ke kusa da ku ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a duba mataki na gaba.

A kula da magungunan kashe ciwo da ake saye a kemis ana sha wata da watanni, irin su diclofenac da ibuprofen, suna cin ciki da ƙoda, balle ga mai hawan jini. Gashi da ruwan zafi ma a yi hattara in yana da ciwon suga, fata kan ƙone bai ji ba. Idan gwiwar ta kumbura ta yi zafi da zazzaɓi, ko ta sarƙe ta ƙi motsi, ko ya faɗi ya kasa taka ƙafar, ko sha-raɓarsa ta kumbura tana ciwo, a tafi asibiti a ranar, kada a jira ranar gashi.

Kafin ku koma, ka ɗauki Baba bidiyo da wayarka, da izininsa: yana tafiya ta gefe, yana tahowa ta gaba, sannan yana tashi daga kujerar da ya saba zama a gida. Ka nuna wa likitan. Ka tambaye shi ko 95 ɗin da Baba ya lanƙwasa da kansa ne ko da aka tura masa, ko ƙarshen motsin mai taushi ne ko mai tauri, da kuma lambar da yake sa ran gani nan da mako shida. Ka rubuta amsar a bayan katin tare da kwanan wata.